Bikin mutum 38 a kusa da Lewes: yadda wasu mata biyu suka tsara aurensu da jerin kyaututtukansu

Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin shirya bukukuwa a kudancin Ingila, kusa da Brighton. Mu huɗu ne, har da uwar ɗakina mai kamfanin. Nawa aikin shi ne lissafin kuɗi, tsara jadawalin ranar biki, da bin masu abinci da masu furanni a waya har sai sun cika alkawari. Cikin bukukuwan da suka bi ta teburina akwai wanda na daɗe ina juya shi a rai, wato auren wasu mata biyu, ɗaya nas ce a asibiti, ɗaya malamar firamare. Da sana'o'insu zan riƙa kiran su.

Na san matsayin mafi yawan masu karatu. A gida addini da al'ada ba su yarda da auren jinsi ba, kuma dokar Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya yi shi. A Ingila da Wales kuwa, majalisa ta zartar da dokar halatta shi a 2013, aka ɗaura na farko ranar 29 ga Maris 2014. Kafin nan, tun Disambar 2005, akwai rajistar zaman tare da ke ba su kusan duk haƙƙin ma'aurata ba tare da sunan aure ba. Abin da zan kawo a nan shi ne yadda aikin ya gudana a ƙasar da doka ta ba shi gurbi. Abin da ya riƙe ni a cikinsa kuma shi ne, biki ne da al'ada ba ta riga ta raba wa kowa aikinsa ba. Wa zai jira, wa zai shigo, dangin wa za su biya, wa zai yi jawabi, duk sai an zauna an yanke.

Abin da suka zo da shi

Sun shigo ofis a watan Oktoba, suna son biki a Yunin shekara mai zuwa. Shekararsu goma sha ɗaya tare, suna da gidansu, kuɗin da suka ware fam 9,000 ne, kuma sun ce ko kwabo ba za su ciwo bashi ba. Nas ɗin ce mai magana. Ta ce: "Ba ma son ranar da za mu wuni a tsaye ana ɗaukar mu hoto. Muna son mu ci abinci da zafinsa, mu kuma yi hira da kowa." Malamar ta ƙara da cewa wata ƙawarsu ce suke so ta ɗaura auren, a lambun gidan yayarta.

A nan uwar ɗakina ta ajiye biro, domin wannan na biyun doka ba ta yarda da shi ba.

Inda doka ta ja layi

A Ingila da Wales, auren da ba na wurin ibada ba jami'an rajista na ƙaramar hukuma ne kaɗai ke ɗaura shi, ko dai a ofishin rajista ko a wurin da hukuma ta ba lasisi. Aboki na iya jagorantar taro, ya yi jawabi, a yi musayar zobe, amma a idon doka ba a ɗaura komai ba. Lambun gidan mutum kuma ba ya cikin wuraren da ke da lasisi. Tun Afrilun 2022 an tabbatar da izinin ɗaura aure a fili, sai dai dole filin ya kasance cikin harabar wurin da ke da lasisin. A Sikotland abin ya bambanta, can mutumin da zai ɗaura ake ba izini, shi ya sa ake iya yi a bakin tafki ko a kan tsauni.

Coci ma ba zaɓi ba ne a wurinsu. Doka ta hana Cocin Ingila ɗaura irin wannan aure, sauran ƙungiyoyin addini kuwa sai wadda ta ga dama ta shiga, kamar 'yan Quaker da cocin Methodist da ya amince a 2021, kuma ba a tilasta wa kowane malamin addini. A auren hukuma kuma ba a karanta littafin addini, ba a rera waƙar ibada. Kowane karatu da kowace waƙa sai an aika wa jami'in rajista ya duba tukuna.

Hanya biyu muka shimfiɗa musu. Ko su je ofishin rajista ranar aiki da shaidu biyu, a gama cikin mintuna kaɗan, sannan su yi taron lambu da ƙawar tasu wata rana. Ko su ɗauki wuri mai lasisi a yi komai rana ɗaya. Ta farkon ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma ni ita na so musu. Malamar ta ƙi. Ta ce kakarta ta haura tamanin, ta rayu a zamanin da ba a ko faɗin irin wannan magana a gida, kuma tana son tsohuwar ta ji kalmomin doka da kunnenta. Na janye shawarata, kuma har yau ina ganin ita ce da gaskiya. Suka zaɓi wata tsohuwar rumfar gona da aka gyara a gindin tuddan South Downs, kusa da garin Lewes.

Sauran na takarda ne, amma shi ke kayar da mutane. Kowacce sai ta je ofishin rajistar gundumar da ta zauna aƙalla kwana bakwai, ta ba da sanarwar niyyar aure, aƙalla kwana 29 kafin ranar, kuma sanarwar wata 12 take aiki. Sunan wurin bikin yana cikin sanarwar, don haka wanda ya sauya wuri sai ya sake sabuwa. Shi ya sa tsarinmu kullum ɗaya ne: a kama wuri, a kama jami'an rajista na wannan ranar da wannan sa'ar, sannan a ba da sanarwa, sannan a buga kati. Tun ran gini ran zane.

Sunayen baƙi

Rumfar tana ɗaukar sama da mutum ɗari. Sunayen farko da suka kawo 74 ne. Na yi musu lissafi a takarda: da 74, kuɗin abinci da abin sha zai cinye fiye da rabin abin da suka ware, kuma in aka raba sa'o'in liyafa ga kowane baƙo, ba za su wuce gaisuwa a tsaye ba. Suka koma gida da takardar. Bayan mako uku suka dawo da 38. Ma'aunin da suka yi amfani da shi, in ji nas ɗin, shi ne wanda ya taɓa cin abinci a teburin gidansu.

Suna ɗaya ne ya ƙi zama, ya ƙi tashi. Mahaifin nas ɗin bai taɓa furta wa 'yarsa baƙar magana ba, amma shekara goma sha ɗaya yana kiran malamar "ƙawarki". Sun aika masa kati kamar kowa. Bai amsa ba. Ni da ke buƙatar adadin kujeru da faranti sai na riƙa tambaya, har ranar da na ga idon nas ɗin ya kawo ruwa, na gane ina taka mata ciwo da tambayar lissafi. Daga ranar na biya kuɗin faranti 39 na yi shiru. Fam 60 ɗin da aka ƙara ba ta kai darajar kwanciyar hankalinta ba. Wannan ma shi ya sa muka bar tsarin babban teburin iyaye da aka saba a bikin Turawa, inda kujerar da babu kowa take zama abin kallo. Muka jera dogayen tebura uku, ma'auratan suka zauna a tsakiyar jama'a.

Kuskure ɗaya namu ne. Takardar da muke ba abokan ciniki su cike tana da gurbin "sunan amarya" da "sunan ango", da layin "lokacin isowar mahaifin amarya". Malamar ta cike ta ba tare da ta ce uffan ba, ta dai ja layi a kan kalmar ango. Dokar daidaito ta 2010 ta hana ɗan kasuwa ƙin yi wa mutum hidima saboda irin wannan, kuma babu wanda ya ƙi su, amma takardar da kanta ta nuna ba a yi tsammanin zuwansu ba. Uwar ɗakina ta sake buga ta a makon.

Sauran shawarwarin ba su ɗauki lokaci ba. Tare suka shigo, babu mai miƙa kowa. Nas ɗin ta sa wando da kwat, malamar ta sa doguwar riga shuɗiya. Jawabi uku ne kawai, kowanne minti uku. Abinci a manyan akusa aka ajiye a tsakiyar tebur kowa ya ɗiba. Kowacce ta riƙe sunan gidansu.

Maganar kyauta

A nan aka fi daɗewa, kuma a nan na fi koyon abu.

Wanda bai zauna a nan ba zai yi mamakin al'adar. Ma'aurata ne da kansu suke zaɓar kayan da suke so a wani kanti ko a shafin intanet, a ba baƙi adireshin, kowa ya shiga ya biya wanda yake iyawa, abin da aka biya kuma ya fita daga jerin don kada a maimaita. Ana danganta farkon abin da kantin Marshall Field's na Chicago a 1924. A Birtaniya kantin John Lewis ya daɗe da suna a kai, daga baya aka samu kamfanoni irin su Prezola da aikinsu ke nan kawai. Ranar da na fara ganin haka, kunya ce ta kama ni a madadin amare, wai mutum ya faɗi abin da za a ba shi. Sai daga baya na fahimta. A wurinmu iyaye ne ke yi wa 'ya kayan ɗaki, daga gado har tukunya, gudunmawar dangi kuma ta hannun uwa take bi. A nan babu mai yi wa kowa jere. Jerin kyaututtukan shi ne kayan ɗakin, an rarraba shi a kan baƙi.

To amma waɗannan sun shekara goma sha ɗaya da tukwanensu. Don haka suka rubuta a daftarin katin cewa ba sa buƙatar kyauta, zuwan mutum ya isa. Kakar malamar ce ta fara ganin daftarin. Malamar ta ba ni labari tana kwaikwayon muryarta: "'Yar nan, na je bikin 'yan uwanki uku, kowanne na kai abu. Naki ne zan zo hannu rabbana? Ko naki ba aure ba ne?"

Wannan tambayar ta ƙarshe ita ta juya komai. Malamar ta ce ta kwana tana tunani, ta gane cewa a ƙarƙashin "ba ma buƙata" akwai wata ɗari-ɗari da ta daɗe a jikinta, ta rashin son ɗora wa mutane nauyi a kan abin da ba ta tabbata sun ɗauke shi biki kamar kowane biki ba. Ni kuma ta fuskar aiki na san wani abu: katin da ya ce kada a kawo kyauta ba ya hana kyauta. Abin da yake jawowa shi ne tulunan furanni biyar da firam ɗin hoto bakwai, da baƙi biyu ko uku da suka bi umarni suka zo suna jin kunya.

Suka zauna suka zagaya gidansu ɗaki-ɗaki da littafi. Sharaɗin da suka sa shi ne, ba za a rubuta abin da babu shi a gidan ba, sai wanda ake amfani da shi kullum kuma ya gaji. Faranti da babu biyu iri ɗaya, tun na zamanin makaranta. Wuƙaƙen girki da suka dakushe. Tawul. Tukunyar ƙarfe mai nauyi. Bargon ulu. Wannan shi ne kashi na farko na jerin. Abu 31 suka fitar, mafi araha fam 12, mafi tsada fam 180, shi kuma aka buɗe shi yadda mutane da yawa za su haɗa kuɗi.

Kashi na biyu kuɗin tafiyar amarci ne. Suna son hawa jirgin ƙasa na dare da ke tashi daga tashar Euston a Landan ya wayi gari a Fort William da ke Sikotland, daga can su wuce tsibirin Skye. Maimakon su ce a ba su kuɗi, sai suka yanka tafiyar gunduwa-gunduwa: ɗakin kwana a jirgi, kwana ɗaya a masauki, abincin dare, hayar mota ta yini. Kuɗin duk asusu ɗaya yake shiga, kowa ya san haka, amma mai bayarwa yana son ya ce ni na biya muku kaza. Kashi na uku sadaka ce ga gidan kula da marasa lafiyar da suka kusa cikawa, inda mahaifiyar nas ɗin ta rasu. A Birtaniya, idan mai biyan haraji ya ba ƙungiyar agaji fam ɗaya ya kuma cike takardar Gift Aid, gwamnati na ƙara mata kwabo 25 ɗinsu, wato rubu'in fam. Saboda haka na ce baƙi su biya kai tsaye da sunansu, kada kuɗin ya bi ta hannun ma'auratan, don ƙarin kada ya salwanta.

Da aka zo zaɓar kamfanin da zai riƙe jerin, uwar ɗakina ta kawo labarin Wrapit, kamfanin jerin kyaututtuka da ya durƙushe a 2008 ya bar ma'aurata da yawa babu kaya alhali baƙinsu sun biya. Tana cikin sana'ar a lokacin, ba ta manta ba. Tambayoyin da ta sa su yi wa kowane kamfani su ne: ina kuɗin baƙi yake zama kafin a kawo kaya, nawa ake cira a kan kyautar kuɗi, yaushe ake kawowa, kuma in kaya ya ƙare a kasuwa me ake yi. Akwai kariyar da sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya ba wanda ya saya da katin bashi na banki, amma tana farawa ne daga abin da ya haura fam 100, mafi yawan kyautar biki kuwa ba ta kai haka. Don haka na ba su shawarar kada su bar kaya su daɗe a hannun kamfani, a rufe jerin mako biyu bayan biki a nemi a kawo.

Iyayen malamar sun ba da fam 3,000 daban. Mahaifinta ya damu da batun harajin gado, sai akawunsa ya kwantar masa da hankali: kyautar aure da aka bayar kafin ɗaurawa ba ta shiga lissafin, har fam 5,000 daga uwa ko uba, 2,500 daga kaka, 1,000 daga kowa, kuma dokar ba ta bambanta auren jinsi da sauran ba.

Inda muka yi tuntuɓe shi ne rabon farashi. Kayan da ke ƙasa da fam 30 guda tara ne kacal, suka ƙare cikin kwana huɗu. Abokan aikin nas ɗin, waɗanda albashinsu bai taka kara ya karya ba, suka shiga suka tarar sai na fam 70 zuwa sama. Ɗaya daga cikinsu ce ta yi ƙarfin halin gaya mata a wurin aiki. A daren suka raba saitin faranti zuwa ɗaiɗai, suka ƙara ƙananan abubuwa goma. Laifina ne ban hango ba, ni da ke riƙe da sunayen baƙi na kuma san aikin kowa. Yanzu duk jerin da ya zo gabana, sai na tabbatar kusan rabinsa mai ƙaramin ƙarfi zai iya saye ba tare da ya ji kunya ba.

Ranar, da abin da ya biyo baya

An yi yayyafi da safe, aka mayar da kujeru ciki. Jami'an rajista biyu suka zo, suka gana da kowacce ita kaɗai don tabbatar da bayanai. Tun Mayun 2021 aka daina sa hannu a babban littafin rajista, takarda guda ake sa wa hannu a shigar da ita kwamfuta daga baya, kuma a karon farko aka buɗe gurbin sunan uwa, da can na uba kaɗai ake rubutawa. Nas ɗin ta sa sunan mahaifiyarta marigayiya, ta sa na mahaifinta. Ƙawar da suka so ta ɗaura auren ita ta yi karatu, ta kuma zama shaida. Kowacce ta furta cewa ba ta san wani dalili na doka da zai hana auren ba, ta furta ta karɓi ɗayar. Ɗaurin bai kai minti 25 ba. Kakar tana layin gaba, na'urar jinta a kunne, ta sa an matso da kujerarta kusa da teburin.

Mahaifin bai zo ba. Ƙanwarsa ta zo, ita ta zauna a gefen nas ɗin. Farantin na 39 mai ɗaukar hoto ya ci.

An tashi da ragowar fam 340. Daga jerin, abu huɗu ne ba a saya ba. Kuɗin tafiya ya biya jirgi da kwana huɗu cikin shida. Mutum bakwai suka zaɓi sadakar. Mutum uku suka yi watsi da jerin baki ɗaya suka kawo abin da ransu ya ba su. Kakar ce ta sayi bargon ulu, kuma ta ƙi yarda a kawo shi da mota tare da sauran kaya, sai da aka kai mata gida ta naɗe da hannunta ta kawo ranar biki.

Kamfanin ya aiko musu da takardar wa ya ba da me. Da malamar ta nuna min ita a waya, sai na tuna littafin da mahaifiyata ke ɓoyewa a ƙasan akwati, inda ake rubuta bikin da kowace mace ta kawo don a san abin da za a mayar mata ranar nata. Na ba ta labarin, ta tambaye ni ko da gaske ake ninkawa, na ce sau da yawa haka ne. Ta ce su nasu kati ne, da hannu, kowanne a ambaci abin da mutum ya bayar da abin da aka yi da shi. Sun raba aikin, kowacce ta rubuta wa dangin ɗayar. Sai a Nuwamba suka gama, saboda aikin dare na nas ɗin. Nas ɗin kuma ta ce ta buga hoto ɗaya na ranar ta sa a ambulan ta aika wa mahaifinta tare da sauran katunan.